Yadda Karon Wuni Ɗaya a Ayacucho Ya Kawo Ƙarshen Mulkin Sifaniya a Kudancin Amurka

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Na ci karo da labarin yaƙin Ayacucho da aka yi a ƙasar Peru a 1824. An ce shi ya kawo ƙarshen mulkin Sifaniya a Kudancin Amurka, alhali dakarun ɓangarorin biyu in an haɗa su kimanin 15,000 ne kawai, kuma ba a kai la'asar ba aka gama. Ta yaya mulkin da ya kusa shekara 300 zai rushe da ɗan wannan artabu? Ko dai gaskiyar masu cewa haɗin baki ne tsakanin hafsoshin?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da ka karanta haka yake. Ranar 9 ga Disamba 1824 aka yi wannan karo, a wani fako da ke gefen ƙauyen Quinua, can kan tsaunukan Andes, wurin da tsayinsa ya haura mita 3,000. Janar Antonio Jose de Sucre na ɓangaren masu neman 'yanci, mai shekara 29 a lokacin, ya ja daga da mutum 5,780 da igwa ɗaya tak. Wakilin sarkin Sifaniya a Peru, Jose de la Serna, ya zo da mutum 9,310 bisa lissafin da Sucre ya bayar, da igwa fiye da goma. Da hantsi aka fara, azahar ba ta wuce ba aka san wanda ya yi rinjaye.

Abin da ya ba wannan karo nauyi shi ne rundunar da aka karya a ranar ita ce ta ƙarshe da Sifaniya ke da ita mai iya fita fage a duk yankin, kuma babu inda za a samo wata a madadinta. Kafin Ayacucho an sha cin sojojin sarki da yaƙi, su koma su sake shiri su dawo. A wannan karon hanyar sake shirin ce ta toshe ta kowace fuska. In kana son gane yadda aka kai ga haka, sai mun koma baya da shekara huɗu ko biyar.

Zuwa 1822 yawancin yankin ya riga ya suɓuce wa Sifaniya. Jose de San Martin, jagoran masu neman 'yanci daga Ajantina, ya ci yaƙin Maipu a 1818, Chile ta tsaya da ƙafarta. Simon Bolivar, jagoransu daga Benezuwela, ya ci Boyaca a 1819 da Carabobo a 1821, shi kuma Sucre ya ci Pichincha a 1822 ya karɓe birnin Quito. Saura Peru, kuma ita ce mai wuyar. Nan ne cibiyar mulkin Sifaniya tun ƙarni na 16, nan ne azurfa take, kuma manyan Lima da yawa ba su ƙagu a canza komai ba, domin ba su manta da tawayen Tupac Amaru na 1780 ba, suna tsoron in igiyar mulki ta saki talakawan tsauni za su hau kansu. San Martin ya sauka gaɓar Peru a Satumba 1820, ya shiga Lima ya shelanta 'yancin kai ranar 28 ga Yuli 1821. Amma La Serna bai tsaya kare birnin ba. Ya kwashe rundunarsa ya hau tsauni, ya mayar da Cusco mazauninsa. Wannan shawara a ganina ita ce mafi hikima da ya taɓa yankewa. Lima birni ne mai ci, ba ya noma. Mutanen da za a ɗauka soja, da dankali da masara, da alfadarai, da ma'adinai, duk a kan tsauni suke. Wanda ya riƙe tsauni ya riƙe Peru, ko da tutar wani ce ke kaɗawa a fadar Lima.

Haka kuwa aka gani. A Janairu 1823 sojojin sarki suka ragargaza rundunar masu neman 'yanci a Torata da Moquegua. Wata rundunar da Andres de Santa Cruz ya jagoranta zuwa kudu a shekarar ta watse ba tare da ta tsinana komai ba. Bolivar ya iso Lima a Satumba 1823 ya tarar da shugabannin Peru suna faɗa da juna. A Fabrairu 1824 sojojin da ke gadin ganuwar Callao, tashar jiragen ruwan Lima, suka yi bore saboda an daɗe ba a biya su albashi ba, suka miƙa ganuwar ga 'yan sarki. Shugaban ƙasar kansa, Torre Tagle, ya sauya sheƙa. Bolivar na kwance da zazzaɓi a wani ɗan gari mai suna Pativilca, abin da ya rage a hannunsa arewacin ƙasar ne kawai. Wanda duk ya dubi al'amarin a farkon 1824 zai ce La Serna ne ke gab da gamawa da su.

To amma rundunar La Serna na ɗauke da ciwo biyu a cikinta. Na farko, ta yanke da gida. Babbar runduna ta ƙarshe da Sifaniya ta iya turowa ita ce ta Pablo Morillo a 1815, mutum sama da 10,000, kuma Benezuwela ta nufa. An tara wata a kusa da Cadiz, tashar jiragen ruwa a Sifaniya, sai a Janairu 1820 wani hafsa mai suna Rafael del Riego ya tayar da ita bore tun ba ta hau jirgi ba, aka tilasta wa Sarki Fernando na 7 ya amince da kundin tsarin mulki na 1812. Daga nan Sifaniya ta shiga rikicin kanta. Teku ma ta fita daga hannunta, domin jiragen yaƙin Chile a ƙarƙashin Thomas Cochrane sun mamaye gaɓar, har suka shiga Callao da dare a Nuwamba 1820 suka sace jirgin yaƙin Esmeralda a ƙarƙashin hancin igwogin ganuwar. Saboda haka sojan da ya mutu a Peru, a Peru ake neman madadinsa. A ranar Ayacucho haifaffun Sifaniya da ke cikin rundunar sarki ba su kai 1,000 ba, akasarinsu hafsoshi da saje-saje. Sauran duk 'yan ƙasa ne, manoma da makiyaya masu jin harshen Quechua da Aymara, da yawansu kamo su aka yi ƙarfi da yaji. Har ta kai da dare ana kwantar da su a tsakiya, a zagaye su da amintattu don kada su sulale.

Ciwo na biyu shi ya fi muni. La Serna da manyan hafsoshinsa, Jose de Canterac da Jeronimo Valdes, masu ra'ayin tsarin mulki ne, kuma shi La Serna ta hanyar juyin da hafsoshi suka yi wa wakilin sarki Joaquin de la Pezuela a Janairu 1821 ya hau kujerar. A 1823 sojojin Faransa suka shiga Sifaniya suka mayar wa Fernando cikakken ikonsa, ya soke kundin, ya rataye Riego. Da labari ya iso Andes, Janar Pedro Antonio Olañeta, wanda ke riƙe da Peru ta Sama, wato ƙasar da yanzu ake kira Bolibiya, ya ce ba zai ƙara bin umarnin La Serna ba, domin shi ne mai biyayya ga sarki na gaskiya, su La Serna kuwa maƙiyan sarauta da addini ne. Wannan a Janairu 1824 ke nan, daidai lokacin da Bolivar ke kwance. Maimakon La Serna ya haɗa ƙarfinsa ya nufi arewa, sai ya tura Valdes, wanda ya fi kowa iya yaƙi a cikinsu, da dubban zaɓaɓɓun sojoji zuwa kudu don ladabtar da Olañeta. Suka yi watanni suna kashe juna a tsakanin Potosi da Chuquisaca. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bolivar bai yi wasa da wannan dama ba. Daga Trujillo ya sa aka kwaso azurfar majami'u aka biya sojoji, aka tara maƙera suna ƙera takalman dawakai da ƙusoshi, aka saka barguna, aka ƙwace dabbobi. Sucre ya riga kowa hawa, ya bi hanyoyin tsaunin yana kafa rumfunan kwana da ma'ajiyar abinci da itace. A watannin Yuni da Yuli rundunar ta ƙetare Andes rukuni-rukuni. Mahaya suna kan alfadarai suna janye da dawakansu don kada su gaji, garken shanu na biye da su. Mutanen da suka fito daga ƙasashen zafi na Benezuwela da gaɓar Kolombiya suka sha fama da ciwon tsauni, numfashi na sarƙewa, kai na sarawa, wasu na haɓo. Ranar 6 ga Agusta suka haɗu da Canterac a fagen Junin. Karon mahaya ne zalla, da mashi da takobi, ba a harba bindiga ko ɗaya ba, kuma bai kai awa guda ba. Da farko 'yan sarki ne ke kora, sai wani rukunin mahayan Peru ƙarƙashin Isidoro Suarez ya faɗo musu ta baya. Waɗanda suka mutu 'yan ɗaruruwa ne, amma Canterac ya ja da baya har Cusco cikin gaggawa, a hanya sojojinsa suka riƙa zubar da bindigogi suna komawa ƙauyukansu, ya yi asarar mutum wajen 2,000 ko fiye ba tare da an sake gwabzawa ba. Ka riƙe wannan, don halin da rundunar ta nuna ke nan kuma a Ayacucho.

A Oktoba Bolivar ya sauka bakin teku, yana zaton damina za ta tsayar da yaƙi. Majalisar Kolombiya da ke Bogota, ƙasar da Bolivar ke shugabanta a lokacin, ita ma ta yi dokar da ta janye masa ikon jagorantar sojojinta a ƙasar waje. Ragamar ta koma hannun Sucre, da umarnin ya kiyaye rundunar kada ta salwanta. La Serna kuwa ya kira Valdes daga kudu, ya tattara duk abin da yake da shi, ya ƙetare kogin Apurimac. Shirinsa ya zagaye Sucre ya tare masa hanyar komawa arewa da Lima. Aka shafe makonni rundunonin biyu na tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, kwazazzabo ne kawai ke raba su, wani lokaci suna hangen wutar juna da dare. Ranar 3 ga Disamba Valdes ya yi wa bayan rundunar Sucre kwanton ɓauna a kwarin Corpahuaico. Bataliyar Rifles ta tsaya ta tare, ta yi asarar mutane da yawa, amma ta ba sauran damar ƙetarewa. Nan Sucre ya rasa kimanin mutum 300, da kayan yaƙi masu yawa, da ɗaya daga igwoginsa biyu. Mutanen yankin Huanta, waɗanda ke goyon bayan sarki, suna kashe duk wanda ya ware daga sahu, har marasa lafiya. Guzuri ya kusa ƙarewa. Sucre ba shi da zaɓi sai yaƙi, kuma izinin yin hakan ya riga ya iso masa daga Bolivar.

Mutane kan manta cewa La Serna ma a matse yake. Doguwar tafiyar zagayen ta cinye masa mutane da dabbobi, kowace safiya sai an ga sahu ya ragu. Ƙananan hafsoshi sun fara guna-guni, har ana liƙa takardu a jikin tantin manya ana zarginsu da tsoro. Da ya yi haƙuri ya tsare hanyoyi na 'yan kwanaki, yunwa kaɗai ta isa ta karya Sucre. Amma shugaban da ba ya da tabbacin sojojinsa za su kwana ba zai iya jira ba.

Ranar 8 ga wata 'yan sarki suka hau tsaunin Condorcunca, wanda ke tsaye a kan fakon Quinua. A ido wuri ne mai kyau, suna sama abokan gaba na ƙasa. A aikace tarko ne. Fakon bai fi kilomita ɗaya da ɗoriya ba, kwazazzabo ta dama, kwazazzabo ta hagu, ga wani rafi busasshe ya ratsa gabansa. Gangaren tsaunin kuwa tsaye yake, mahaya sai sun sauka sun ja dawakansu da hannu ɗaya bayan ɗaya, igwogi kuma a kwance suke a bayan alfadarai, sai an sauko da su an harhaɗa kafin su yi amfani. Ma'ana, mutum 9,000 ba za su iya isa fage lokaci guda ba. Za su riƙa isowa kashi-kashi, kuma kowane kashi sai ya sami lokacin daidaita sahu a gaban maƙiyin da ya riga ya shirya. Da dare Sucre ya tura makaɗan soja da 'yan bindiga gindin tsaunin suna kiɗa suna harbi, don kada 'yan sarki su sami sukunin saukowa cikin duhu su kama wuri.

Kafin a fara, wani abu ya faru wanda waɗanda suka halarta suka rubuta daga baya. Janar Juan Antonio Monet na ɓangaren sarki ya sauko ya nemi a bar 'yan'uwa da abokai da ke ɓangarorin biyu su gaisa. Hafsoshi suka fito tsakiyar fage ba makami, suka rungumi juna, wasu na kuka, sannan kowa ya koma sahunsa. Ramon Castilla, wanda daga baya ya shugabanci Peru, yana tare da Sucre, ɗan'uwansa Leandro yana tare da La Serna. Janar Jose de La Mar da ke jagorantar sojojin Peru tsohon hafsan sarki ne, haka ma Agustin Gamarra, shugaban ma'aikatan rundunar Sucre. Bataliyar Voltigeros ɗungurungum ɗinta ta sarki ce a da, da sunan Numancia, kafin ta sauya sheƙa a 1820. Duk lokacin da na zo kan wannan a aji nakan tsaya, domin shi ke nuna wa ɗalibi cewa yaƙin basasa ake yi, tsakanin mutanen da suka san gidajen juna.

Shirin Canterac bai da laifi a takarda. Valdes zai zagaya ta arewa ya danne ɓarin hagun Sucre inda La Mar yake. Alejandro Gonzalez Villalobos zai sauko ta ɗaya gefen ya kare wurin da ake harhaɗa igwogi. Monet zai jira a tsakiya, sai Valdes ya ci ƙarfin aikinsa sannan ya faɗa. Valdes ya yi nasa, ya kafa igwogi huɗu, ya kori 'yan bindigar La Mar, sojojin Peru suka fara ja da baya. Sai wani kanar mai suna Joaquin Rubin de Celis, da ya ji ƙarar harbi, ya ɗauka lokaci ya yi, ya afka cikin fage da bataliyarsa shi kaɗai. Nan take aka murƙushe su, shi ma ya mutu. Waɗanda aka turo su cece su suka bi sahunsu. Sucre ya ga ɓarin hagun sarki a buɗe, tsakiya kuma ba ta gama saukowa ba, ya ba Jose Maria Cordova umarnin ya faɗa.

Cordova ɗan shekara 25 ne. Ya sauka daga kan dokinsa ya tsaya gaban bataliyoyinsa huɗu, Bogota da Voltigeros da Pichincha da Caracas, ya ɗaga murya ya ce kowa ya riƙe makaminsa yadda ya ga dama, a yi takun masu nasara. Suka taka a jere, mahayan Kolombiya masu dogayen masu a gefensu, ba su buɗe wuta ba sai da suka matso kusa, daga nan aka koma banati. Monet ya yi ƙoƙarin gyara ɓarnar, ya tura mutanensa su ƙetare busasshen rafin, amma bataliya biyu kawai suka haye, su ma ba su daidaita sahu ba aka auka musu. Masu gudu suka koma kan waɗanda ke bayansu suka rikita su. Mahayan Valentin Ferraz da suka samu saukowa suka tarar da masu a gabansu da harsashi a gefensu. Igwogin da aka sha wahalar saukowa da su aka kama yawancinsu tun ba su yi aiki ba. Canterac ya jawo bataliyoyin ajiya na Gerona da kansa, suka watse. La Serna ya shiga cikin turmutsutsun yana ƙoƙarin tsayar da masu gudu, aka ji masa raunuka da dama, aka kama shi. A can hagu Sucre ya tura wa La Mar bataliyoyin Vencedor da Vargas daga ajiyar Jacinto Lara, tare da mahayan Junin ƙarƙashin William Miller, Baturen Ingila. Valdes, wanda har lokacin yake ganin shi ke da nasara, ya ɗaga kai ya hangi tutar Kolombiya a kan Condorcunca.

Rahoton Sucre ya ce an kashe 'yan sarki 1,800, an raunata 700. Nasa ɓangaren mutum fiye da 300 suka mutu, kimanin 600 suka ji rauni. Da yamma Canterac da Valdes da sauran manya suka taru a bayan tsaunin da 'yan ɗaruruwan da suka rage. An kawo shawarar a nufi kudu a sake shiri. Amma sojojin sun ƙi taruwa, har suna juya bindiga kan hafsoshin da ke ƙoƙarin tare su. Kudun ma hannun Olañeta yake, mutumin da suka yi watanni suna yaƙa. Teku ba tasu ba, Sifaniya ba ta da abin turowa. Ana cikin haka La Mar, tsohon abokin aikinsu, ya iso da tayin sulhu.

Sharuɗɗan da Sucre ya bayar su ne rabin nasarar, kuma a nan nake ganin girmansa ya fi fitowa. Canterac ya sa hannu a madadin La Serna cewa za a miƙa duk yankunan da sojojin sarki ke riƙe da su a Peru, da rumbunan makamai, da ganuwar Callao. A madadin haka, duk wanda ke son komawa Sifaniya gwamnatin Peru za ta biya masa kuɗin jirgi, tana ba shi rabin albashi kafin ya tashi. Wanda ke son zama zai iya shiga sojan Peru da muƙaminsa. Ba za a tuhumi kowa kan ra'ayinsa na baya ba, ba za a taɓa dukiyar kowa ba, za a saki fursunoni. Ka tuna wannan yaƙi ne da a Benezuwela aka taɓa shelanta cewa duk wanda aka kama a kashe shi. Da Sucre ya bi waccan hanya, da kowane kwamandan da ke Cusco da Arequipa da Puno ya ga gara ya mutu yana yaƙi. Da aka buɗe musu ƙofa sai suka bi ta. Pio Tristan, wanda aka naɗa wakilin sarki na riƙo a Arequipa, bai daɗe ba ya amince da yarjejeniyar. Kafin watan ya ƙare Sucre ya shiga Cusco ba tare da harbi ba. La Serna ya hau wani jirgin Faransa a farkon Janairu 1825 ya tafi.

Wannan sassauci, da gaisuwar da aka yi kafin yaƙi, da kasancewar hafsoshin La Serna masu ra'ayin tsarin mulki ne da ba sa ƙaunar Fernando, su suka haifi zancen haɗin baki da ka ambata. A Sifaniya aka fara shi, inda aka riƙa yi wa waɗanda suka dawo gori da sunan yaƙin, wasu marubuta kuma daga baya suka ce tun kafin a fita fage aka gama magana. Ban yarda da wannan ba. Ba a fito da wata takarda ko shaidar wanda ya halarta da ke nuna an yi yarjejeniya kafin yaƙin ba. Kwana shida kafin nan Valdes ya kusa hallaka rundunar Sucre a Corpahuaico, a ranar ma shi ya kusa karya La Mar. Wanda ya shirya faɗuwa ba ya tsayawa a sare shi kamar yadda aka sari La Serna, tsoho mai shekara 54. Kuma waɗannan mutane sun riƙe Peru shekara huɗu ba tallafi daga gida, suna cin yaƙi bayan yaƙi. In miƙa ƙasar suke so, sun sami lokutan da suka fi wannan sauƙi. Kurakuransu a bayyane suke ba sai an nemo ɓoyayyen dalili ba: sun raba ƙarfinsu a kan Olañeta, sun gajiyar da sojojinsu da zagaye, sun zaɓi wurin da yawansu ba zai amfane su ba, sannan hafsa ɗaya ya yi gaggawa. Zancen cin amana ya fi daɗin ji ga mutanen Madrid fiye da amincewa cewa tun 1820 su da kansu suka saki Peru.

Ba a daina harbi a ranar ba. Olañeta ya ƙi yarjejeniyar, amma da Sucre ya doso sai hafsoshinsa suka yi ta zamewa, aka harbe shi a Tumusla a farkon Afrilu 1825 a karo da ɗaya daga cikinsu. Ranar 6 ga Agusta 1825 Peru ta Sama ta shelanta 'yancin kanta, ta ɗauki sunan Bolivar, Sucre ya zama shugabanta. A Callao, Jose Ramon Rodil ya rufe ƙofar ganuwa ya ce bai san da wata yarjejeniya ba. Ya riƙe ta har Janairu 1826, yunwa da annoba suka kashe dubban mutane a ciki, yawancinsu fararen hula da suka fake, har da Torre Tagle. A watan ne kuma tsibirin Chiloe da ke kudancin Chile ya miƙa wuya. Duk waɗannan turjiya ce ta wanda aka killace, babu ɗayansu da ke da rundunar da za ta fita ta ƙwato ko lardi guda. Sifaniya ba ta amince da 'yancin Peru a hukumance ba sai 1879.

Turjiyar da ta fi ba ni abin tunani ita ce ta manoman Iquicha, a tsaunukan Huanta, tafiyar da ba ta da nisa daga fagen yaƙin. Ƙarƙashin wani mai fataucin alfadarai, Antonio Huachaca, suka ɗauki makami da sunan Sarki Fernando daga 1825 har 1828, suka kama garin Huanta a 1827, suka kai hari birnin Ayacucho kansa. Sabuwar gwamnati ta ci su tara saboda goyon bayan da suka ba 'yan sarki, sojojinta sun ƙona musu ƙauyuka, harkar ganyen koka da suke rayuwa a kanta ta shiga garari. Suna da dalilin shakkar abin da aka kawo musu. Harajin kai da aka ɗora wa 'yan asalin ƙasa tun zamanin Sifaniya, wanda San Martin ya soke a 1821, an dawo da shi a 1826 da sabon suna, kuma ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin kuɗin shigar jamhuriyar. Baƙaƙen fata, jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka, sun cika sahun rundunonin 'yanci tun daga Ajantina har Benezuwela, da yawansu bisa alkawarin za a 'yanta su, amma bauta ta ci gaba a gonakin rake na gaɓar Peru. Sai a 1854, shekara 30 bayan yaƙin, lokacin da kuɗin takin tsuntsayen teku ke kwarara baitulmali, Ramon Castilla, wanda aka ji wa rauni a fagen Quinua yana matashin hafsa, ya soke harajin a watan Yuli, ya kuma haramta bauta a watan Disamba daga garin Huancayo, gwamnati ta biya iyayen gijin bayin diyya.